Minti Biyu da Daƙiƙa Arba'in

Ranar Laraba suka zo, bayan la'asar,
da farar mota mai tambarin gidan talabijin.
Ta tsaya bakin rumfar Rabe mai walda,
can bayan Ƙofar Marusa,
inda muke haɗuwa shekara huɗu ke nan.

Tun Litinin muke shiri.
Ramlatu ta goge tagullar mundayenta da toka da tsamiya
har kana ganin haƙoranka a ciki.
Mannir ya kwana ɗaure hannunsa na ƙarfe,
wanda ya harhaɗa da hanjin keken ɗinkin kakarsa
da sarƙar babur da famfon risho.
Ni na ɗora tabaran walda a goshi,
na rataya agogo bakwai a ƙirji,
babu ɗaya mai tafiya.

Ɗan jaridar ya ce, "Wane suna kuke amsawa?"
Muka ce 'yan tururi.
Ya ce, "Turare?"
Muka ce tururi, na bakin buta.
Ya rubuta wani abu, ya rufe da tafin hannu.

Sai da shayi ya tafasa sau biyu ina bayani.
Na ce tambaya muke sawa a jiki:
da a ce maƙeran garin nan, zamanin kakannin kakanni,
sun ga murfin tukunya na rawa
sun ce, "Af, wa ke ɗaga shi?"
Da ayari ya nufi Agadas kan raƙumin tagulla
mai cin karan dawa, mai huci ta hanci biyu.
Da guga ya hau rijiya da kansa.
Da wani kumbo na jemammiyar fata
ya gifta ta saman Gobarau
ladan ya bi shi da kallo.

Yana gyaɗa kai, idonsa na kan waya.
Mai kyamara ya ce a zaro ido,
a ɗan yi kamar taɓaɓɓe, saboda masu kallo.
Na ƙi. Mannir ya yi.

Daren Juma'a muka cika rumfar maƙil.
Aka yi farashin taki, aka yi ƙwallo,
sannan mu:
"Matasa sun koma kwaikwayon Turawa da kayan bola."
Minti biyu da daƙiƙa arba'in.
Sau uku aka nuna idon Mannir.
Ni an datse ni daidai kan "da a ce".
Raƙumina bai ko leƙo ba.
Aka ɗauko wani masani mai babbar kujera,
wanda bai taɓa shaƙar hayaƙinmu ba,
ya ce zaman banza ne.
Ramlatu ta duba agogonta, mai tafiya,
ta miƙe, tana da aikin dare a asibiti.

Sati guda yara na bina a lungu:
"Mai agogo, ƙarfe nawa?"
Inna ta daina gaishe ni da suna.

Ran na takwas wani tsoho ya sauka daga Keke Napep,
ya ce daga Funtuwa yake, sunansa Ɗayyabu.
Shekara goma sha tara yana zuba wa jirgin ƙasa gawayi,
tafin hannunsa kamar bayan kunkuru.
Ya ce, "Ban ji abin da suka faɗa ba, kunnena ya tafi.
Amma bayan yaron nan mai zare ido
na hango tukunyarku.
Ba ta da mashaƙa. Za ta kashe ku."

Ya kwance ƙullin tsumma,
ya fito da wani ɗan ƙarfe da ya yi kore don tsufa,
ya nemi sifana mai lamba goma sha huɗu.

Dab da magariba tukunyar ta ɗau zafi,
ta yi wani fito siriri, dogo,
har tattabarun maƙwabta suka watse.
Tsohon ya dafa ta da yatsa biyu
don ta nan kaɗai yake ji.
Babu wanda ya tuna ya ɗaga waya.