Suna a Ƙarshen Fim

A teburin mai shayi a Agege na ji
gwamnati ta ware kuɗi don 'yan fim.
Na tsallaka titin jirgi, shagon Bayo mai kwamfuta.

Takarda ta ce: sunan kamfani?
Ni kamfanina kafaɗa ce.
Shekara bakwai ina ɗage da sandar makirfo
bisa kan masu kukan haya,
ina haɗiye tari
kada in ɓata musu hawaye.

Wata huɗu, shiru.
Sai Madam Ronke ta bugo: nata ya fito.
Kwana goma sha biyu a Ikorodu.
Barira ta ɗinka riga talatin,
Lauwali ya yi dakon janareta,
Iya Sikira ta ƙara tukunya.
Ruwan da aka zuba daga sama
ɗigo-ɗigo ya iso mana, amma ya iso.

Ran da aka haska a Ikeja
na zauna har jama'a suka watse,
mai shara na jirana da tsintsiya.
Sunana ya hau bango, ɗan mitsitsi,
an cinye masa harafi: Sagru.
Haka na ɗauke shi a waya,
na tura wa Inna, Funtuwa.