Bakin Zare

Kakata Baraka, a Birni, gindin tsohuwar ganuwa,
ba ta yarda a yar da ƙwallon goruba.
Mu gwaigwaye, mu tsotse, mu jefar,
ita ta biyo mu da faifai tana tsince
kamar kaza a masussuka.
Ta fasa, ta goga a dutse, ta huda, ta zura,
baƙi wul, yana sheƙi ba a shafa masa mai ba.
Jigida guda, kwana tara.
Kuɗinta bai cika tiya biyu ta gero ba.

Takan ce, "Zo ki riƙe mini bakin zaren."
In ce ina da aikin lakwal.
Ba aiki ba ne, kunya ce.
Shekarar nan 'yan matan Zango kaf
sarƙar kanti suke sawa, mai ruwan zinariya,
dala tamanin a Kasuwar Dole,
wadda in zufa ta gaishe ta sau uku
sai ta bar miki kore a wuya
irin gansakukar bakin tafki.
Na saya. Ta koɗe. Na sake saya.
Aka yi yayin roba, na bi.
Aka yi yayin ƙarau mai kashe ido, na bi.
Yayi baƙo ne mai sauri,
ko ruwan da aka kawo masa ba ya tsayawa sha.

Jiya Sa'ade ta diro daga kabu-kabu,
ko sallama ba ta ƙarasa ba:
"Inna, dubi!"
A cikin wayarta, wata mata
a wata ƙasa da harshena ya kasa ɗauka
tsaye gaban farin bango,
wuyanta da ƙodago, da ƙwallon dabino,
da ɓallin ƙaho,
da idon zakara ja guda ɗaya a tsakiya.
An rubuta farashi a ƙasa.
Muka mai da shi sefa, muka sake ƙirgawa:
rago ne, har da igiyarsa.

"Shi ake yayi yanzu, Inna,
abin itace, abin ƙasa, wanda inji bai taɓa ba.
Koya mini."

Na dubi hannuwana.
Sun iya tuƙi, sun iya ƙirga canji,
sun iya ɓalle maɓallin sarƙa a duhu.
Inda ake kafa tsinke a ƙodago
ba su sani ba.

Da dare muka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Warin majema da kanumfari ya tare mu.
Cikin wata batta ta fata:
tsakiya uku, wuri bakwai,
zoben azurfa da Tsahiru maƙeri ya yi mata,
ya lanƙwashe, ya ɗauki siffar yatsarta,
da basilla wadda ƙotarta ta lotsa
daidai wurin babban yatsa.
Can ƙasa, jigida rabi.
Gefe ɗaya a ƙulle tam.
Ɗaya gefen a sake yake,
shekara talatin da ɗaya yana jiran mai riƙewa.

Yau tun hantsi muna kan dutsen bayan gida.
Na farko ya tarwatse.
Na biyu ya yi tsalle, akuya ta bi shi.
Na shida ya sha jinin yatsana.
Maƙwabta na leƙowa ta katanga:
"Hala goruba ta yi tsada ne?"
Muka bar su da dariyarsu.

Wajen la'asar, a na goma sha ɗaya,
basilla ta shige, ta leƙo ta baya.
Hudar a karkace take, Baraka da ta yi tsaki.
Sa'ade ta ɗaga shi sama, ta hangi rana ta ciki,
ta manta ba ta ɗauki hoto ba.
Ta lashi zaren, ta murza a cinya,
ba ta ko dube ni ba ta ce,
"Inna, riƙe mini nan."

Na riƙe.