Jeri Na Goma Sha Ɗaya

A zauren 'yan kwana-kwana na Altoona,
ranar Asabar, dusar ƙanƙara har gwiwa,
mu tara muka zo, kowa da kundinsa a hammata,
kofi na hucewa a gefe, ba mai kulawa.

Wendell Kosko ya fara, kamar kullum.
Ya zura farar safar hannu, ya gyara tabarau,
ya ɗaga shafi a hankali kamar mai duba miki:
"Jeri na uku. Daga shi an rufe ƙofa.
Ku dubi sabulun nan, Ƙara-Dauɗa,
jariri ya fito daga baho ya fi yadda ya shiga baƙi.
Ku dubi koren. An daina haɗa irin wannan kore.
Mai zanen dariya yake yi sa'ad da yake zanawa,
ni ina jin ta a bakin buroshi."

Lorraine ta ja tsaki har cokali ya motsa.
"Uku? Ana koyon tafiya ne a uku. Bakwai!
Bakwai ke da miyar gwangwani mai ido ɗaya
tana leƙen wanda zai sha ta.
Bakwai ke da man goge baki, Zubda-Haƙori,
uwata ta gan shi a jikin firij,
kwana huɗu ban ga ƙofar gida ba.
Sitikar da ba ta ɓata wa uwa rai ba
ai kan sarki ce, a kai ta gidan waya."

Aka kaure. Mai farin baya ko mai ruwan ƙasa,
wadda aka yanka daidai, wadda ta karkace,
wadda kamfanin gwangwani ya yi barazanar kotu
aka janye ta bayan mako uku.
Orval bai ce uffan ba. Fakiti ɗaya gare shi,
senti biyar a da, shekara hamsin ba a farke ba,
cingam ɗin ciki ya zama fale-falen dutse.
Yakan kai shi hanci, ya lumshe ido,
ya mayar aljihun ƙirji.

Sai suka juyo kaina.
Na ce, na goma sha ɗaya.
Wendell ya cire tabarau. "Na goma sha ɗaya?
Lokacin da barkwanci ya ƙare musu,
suna dafa tsohon ƙashi karo na uku?"

Na buɗe jaka na fito da katako,
tsawon tafin hannu, da sawun zarto a gefe biyu.
A jikinsa maganin sauro, Sha-Ka-Ƙoshi,
sauro zaune da adiko a wuya yana zuƙa da tsinke.
An liƙa ta a karkace. Kusurwa ɗaya ta tashi.
Wani ya ƙara wa sauron gashin baki da biro.

Gadonmu ne, mai hawa biyu. Ni a ƙasa,
Russell a sama, ya girme ni da wata goma sha huɗu.
Shi ya liƙa ta a inda idona zai faɗa
duk dare, don in daina kukan duhu.
Bara da aka sayar da gidan,
bayan mun dawo daga binne shi,
na ari zarto wurin maƙwabci.

Wendell ya karɓa, ya juya, ya kai ta fitila.
Bakinsa ya saba, ba laifinsa ba ne:
"Da ba a ɓare ta ba, dala arba'in."
Sai ya yi shiru. Ya cire safar hannu,
ya sa ɗan yatsa tsirara ya danne kusurwar.
Ta sake tashi.

Lorraine ta ce gashin bakin ya fi zanen kyau.
A waje motar kwashe ƙanƙara ta wuce tana gurnani.
Orval ya taɓa aljihunsa,
ya tambaya ko akwai sauran kofi.