'Yan Kunnen Nek Puteh

Hudar kunnen kakata ba ta taɓa toshewa ba.
Tsinken kwakwa take zurawa ciki
kada ramin ya manta abin da ya taɓa riƙewa.

Ta ce shekarar arba'in da takwas ce,
ƙasa jaririya, ko cibiya ba ta yar ba.
Turawan Holan sun tsare teku,
sama kaɗai ce ƙofar da ta rage.
Aka shimfiɗa ƙyalle a bakin masallacin ƙauyenmu na Aceh.
Wani ya aza zobe, wani kuɗin masoro,
Pawang Leman masunci ya zazzage lalitarsa har da ƙugiya.
Ita kuwa ta cire 'yan kunnen da ta gada wurin uwarta,
ta ajiye, ta juya da sauri
kafin zuciya ta ce mata koma.

Da irin wannan aka sayi jirgi,
tsohon hannu, mai farfela biyu.
Ba ta taɓa shafa jikinsa ba.
Amma duk wanda ya gifta bisa gonar shinkafa
sai ta miƙe, taɓo har gwiwa,
ta kare rana da tafi:
"Ga nawa can."

Ɗaya ya zama goma, goma ta cika fili.
Aka kawo masu tsaga gajimare
su wuce kafin ƙararsu ta iso.
Samari suka koyi karatun taurari da allurar kamfas,
wasu suka dawo da tauraro a kafaɗa,
wasu hularsu kawai aka kai wa uwa.
Duka nata ne, in ji ta.

Ina 'yar shekara tara
sama ta yi furanni da asuba,
farare, suna saukowa a hankali,
ƙarƙashin kowane fure akwai soja.
Kawu Banta ya haura dutse bai yi sallama ba.
Daga baya muka ji ana ɓarin wuta a dajin da ya shiga.
Shekarar nan kakata ba ta ɗaga kai ba.
In jirgi ya wuce, sai ta ƙara sunkuyawa bisa shuka
tana magana da ruwa:
"Ashe ɗan da ka goya ya fi kowa sanin ƙeyarka."

Sai teku ya tashi tsaye ran wata Lahadi.
Ba zan ba da labarinsa ba.
Mu bakwai muka kwana, mu biyu muka kai tudu.
Gada ta karye, hanya ta zama kogi,
muna lasar ruwan kwakwa muna ƙirga kwana.
Sannan ƙarar nan ta dawo, mai nauyi, farfela huɗu,
cikinsa shinkafa, ruwa, da likkafani dami-dami.
Wani saja ya miƙa mata buhu da hannu biyu.
Ba ta yi godiya ba.
Ta ce, "Yaro, bashi kuke biya,
kuma da saura."

Yau ni ke ɗaure ƙusar fukafukai a sansani,
baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farcena.
Matuƙa ba su san sunana ba,
sa hannuna kawai suke dubawa kafin su tashi.
Ban san inda za a aike su gobe ba,
ko da buhu, ko da wuta.
Ina dai ɗaurewa da kyau.

Ta rasu da damina, kunnuwa wayam.
Mai wanka ta zare tsinken ta ba ni.
Yana aljihun rigar aikina, kusa da sifana.
Wani lokaci, in injin ya ɗauka,
ƙasa na rawa ƙarƙashin takalmina,
sai in ji hannuna ya kai kunne
ba tare da na aike shi ba.