Kusurwa Huɗu

A tashar jiragen ruwa ta Koper, gari bai waye ba,
ƙugiya ta dire kwantena shuɗiya a bayan tirelarmu.
Ta yi amo irin na ganga,
babu komai cikinta sai ƙamshin lemun da ta kai wata ƙasa.

Na ce wa Stojan, "Yau mun huta, kaya ba nauyi."
Bai tanka ba. Ya zura safar hannunsa,
ta dama mai yatsu uku,
biyun ya ɗinke su tun shekarar da sarƙa ta ci nasa.

"Nives, mai kaya nauyinta ke zaunar da ita.
Wofi ce abin tsoro.
Da ta ji iska sai ta manta ƙarfe ce,
ta ɗauka ita tsuntsuwa ce.
Kusurwa huɗu, makulli huɗu.
Ki murɗa har ya ce ƙas, ki sa fil,
ki jijjiga ki ji ko yana da gardama."

Na gaba na hagu gishirin teku ya ci shi,
sai da guduma, da giris, da ɗan zagi.
Sannan sarƙa biyu a gicciye,
tamau, kamar goyon da za a yi doguwar tafiya da shi.

Gadar Črni Kal tana rataye tsakanin duwatsu.
Nan burja, iskar da ke yaye rufin gidaje,
ta faɗo daga tsauni ba sallama.
Iska na wahalar da mai kayan kara,
mu kuwa karanmu ƙafa arba'in ne.
Tirela ta yi layi, sitiyari ya yi rawa a hannuna,
a madubi na ga shuɗiyar tana ɗaga kafaɗa,
tana neman tashi, makullai suna cewa a'a.
Ban san na riƙe numfashi ba
sai da gadar ta ƙare.

A Kozina muka tsaya. Ya zagaya da tocila,
ya taɓa kowace kusurwa da yatsunsa uku,
ya ƙara wa sarƙa haƙori ɗaya,
sannan ya tsiyaya mini kofi a murfin fulas.

Na san gidansa a Sežana.
Ɗaki uku, kofi ɗaya a kan tebur
tun hunturun da aka binne Marjetka.
Na san abin da ke kawo shi tasha ƙarfe huɗu
alhali aiki sai biyar.
Ban tona ba.
Na dai ce ran Lahadi innata za ta dafa wake da kabeji,
kujerar kusa da murhu tasa ce,
kada ya makara.

Ya dubi kwantenar, ya dubi tsaunin.
"Sake duba na baya na dama," ya ce.
Na je, na jijjiga.
A kulle yake.