Akwatina da Girgijen Sirajo

Shagona na bayan tasha a Ƙauran Namoda,
inda layin dogo ya kwanta ciyawa ta lulluɓe shi.
Benci biyu, talabijin uku, fanka mai tari,
akwatunan wasa uku, ɗaya ba ya tashi sai na dafa kansa
kamar jakin da ya san hannun mai shi.
Shekara tara ke nan, ban taɓa rasa yara a ƙofa ba.

Sai ga Sirajo ɗan yayata ya zo hutu,
waya a hannu, ɗan linzamin wasa a aljihu.
Ya ce, "Kawu, wanga kaya naka ya tsufa.
Wasa yanzu cikin girgije yake.
Wata na'ura can ƙetaren teku ita ka ɗaukar nauyi,
hoto kawai ka iso maka, ka danna, ta ji."
Na leƙa sama ta ƙofa. Tsakiyar bazara ce,
ko ƙyallen girgije ban gani ba.

Amma da ya kunna, na gani da idona:
ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya, gumi a goshin ɗan wasa,
wasanni ɗari a jere, babu faifan da zai karce,
babu Isiya mai gyara da zai ce
"ido ne ya mutu, kawo dubu takwas,"
babu ɓarawon da zai fasa rufi ya saɓi girgije a kafaɗa.
Sabon akwati yau kuɗinsa ya kama ƙafar maraƙi.
Na haɗiye yawu. Ban ce ƙarya yake ba.

La'asar sakaliya, kasuwa kowa ya buɗe waya,
sabis ya fara numfashi sama-sama.
Sirajo ya danna bugu, ɗan wasansa ya tsaya ƙiƙam
kamar mai jiran izini daga wata ƙasa.
Hoto ya tsinke gida-gida kamar saƙar tabarma,
fuskoki suka narke.
Kafin ƙafarsa ta dawo daga ƙetare
an zura masa biyu.
Nazifi ya faɗo daga benci don dariya.
Saƙo ya shigo: datar dubu biyu ta ƙare,
ko kiran magariba ba a yi ba.

Na ce, ka tuna shekarar da aka rufe layukan waya?
Mutum ya hau mota zuwa wata jiha
don kawai ya ce wa ɗansa, muna lafiya.
Shagon nan ya cika har bakin kwata.
Akwatunana ba su tambayi kowa hanya ba.
Kai haya kake biya duk wata,
ran da ka gaza, ko ƙwallo ɗaya ba taka ba ce.
Kayan aro, Sirajo, bai taɓa rufe katara ba.

Ya ce, "To janaretonka fa, ruwa yake sha?"
Nan ya kama ni.
Don a waccan shekarar an hana sai da mai a jarka,
da tiyo nake zuƙo shi daga tankin babur,
bakina na warin fetur har sallar isha.
Shi yana roƙon ƙarfen sabis, ni ina roƙon gidan mai,
cikinmu babu wanda bai durƙusa ba.

Abu ɗaya dai na riƙe:
wayarsa ta mutum ɗaya ce, kai a sunkuye.
Bencina na ɗaukar takwas, da ihu, da gardama,
da gyaɗar da ake rabawa ana zagin alƙalin wasa.

Daren nan ya bar wayar a caji a shagona.
Ƙarfe biyu, gari ya yi barci, sabis ya zama nawa ni kaɗai.
Na sa kati na ɗari biyar, na ɗauki linzamin.
Ƙwallo ta bi yatsana kamar ruwa a gangare.
Na ci uku kafin zakara.
Na goge allon da bakin riga, na mayar inda yake.
Har ya koma makaranta ban gaya masa ba.