Agogon da Ban Taɓa Buɗewa Ba

Shekara arba'in ina gyaran agogo a Ƙofar Guga.
Na san ciwon kowace allura, na san inda take cijewa,
amma babban agogon nan da ke rataye bisa kanmu,
ban taɓa buɗe bayansa ba.

Daren sha huɗu ne, an ɗauke wuta,
muna kan tabarma a tsakar gida,
sai gefen wata ya fara guntulewa
kamar waina a hannun yaro mai tsoron ta ƙare.

Na ce, "Hansai, zazzaɓi ya kama shi.
Muna yara, ni da Barmo ɗan maƙera,
gwangwani muke duka daga nan har gindin Gobarau,
muna roƙon rana ta yi haƙuri ta sake shi."

Jikata ta yi dariyar da ba ta kai raini ba.
Ta shiga ɗaki, ta fito da tocila,
da lemon zaƙi, da magarya ɗaya.

"Riƙe tocilar, Kaka, yau kai ne rana.
Wata ba shi da wutar kansa, aro yake yi,
kamar kwanon silba da aka kife a hantsi.
Lemon nan duniya ce. Duba in ta gitta."
Magarya ta faɗa duhu.
"Ba wanda ya kama shi. Mu muka tsaya masa a gaba."

Na ce, "To don me ba kowane wata ba?"
Ta ce, "Hanyarsa a karkace take, kamar hularka.
Yau ya bi ta saman inuwa, gobe ta ƙasa,
sai jefi-jefi layin ukun ke miƙewa."

Can sama ya yi ja kamar garwashin da ya kwana.
Ta ce jan asuba ne da na almuru,
na duk garuruwan da ke bakin dare yanzu,
iska ta lanƙwaso shi ta kai masa.

"Na rana fa?"
"Wannan sai ƙarshen wata, in shi ya shiga tsakani.
Ta fi shi girma sau ɗari huɗu,
ta fi shi nisa sau ɗari huɗu.
Ba ka taɓa rufe hasumiya da babban yatsa ba?
Amma ranar kada ka ɗaga ido, sai ya ƙone."

Ladan ya yi kira, na tashi na yi alwala.
Sanin hanyar abu bai rage girman Mai shi ba.
A bakin zaure na tsaya, na ɗaga hannu sama,
ni tsoho, ba kunya,
ko zan ga yatsuna a gefen inuwar.
Katsina na ciki, da rumfata, da kabarin Barmo.

Da na dawo tana gyangyaɗi, littafi a cinya.
Ta rubuta tun makon jiya:
ƙarfe ɗaya da minti goma zai fara washewa.
Na ciro agogon aljihuna, na zauna ina jira.

Farin baki ya ɓullo kamar farcen jariri.
Sama ba ta makara ba.
Nawa ne ya yi latti da minti biyu.